An gyara maƙogwaron inji, mota ta ƙi lafiya: daga ina za mu fara dubawa?



A garuruwanmu mota ɗaya ta mutane da yawa ce. Ita ke kai albasa da wake da aya kasuwa. Ita ke kawo taki. Idan naƙuda ta tsananta wa mace cikin dare, ita ke kai ta gidan likita. Ranar da ta kwanta, ba mai ita kaɗai ke shiga damuwa ba.

Yau za mu yi bayani a kan wata matsala da ke yawan faruwa. An kai mota garaji, an kwance maƙogwaron injinta, an wanke ko an canza shi. Da aka ɗaure, sai ta ƙi tashi. Ko ta tashi ta mutu. Ko ta yi ta ƙugi ba tare da an taka ta ba. Nan take sai a ce: mai ne ba ya zuwa. Sai a sayi sabon famfon mai, jikkuna su tafi, ciwo kuma yana nan.

Abin da muke so mu riƙe shi ne: matsalar da ta fito bayan gyara, a fara nemanta inda hannu ya taɓa. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, a bar saye ya zama na ƙarshe. Bayaninmu na motar fetur ne, wato esansi. Motar gazuwal tsarinta daban ne.

YADDA INJI KE CI DA SHA

Inji yana bukatar abu uku: iska, da mai, da wuta. Wutar tana fitowa daga buji, wanda wasu ke kira fulogi. Iska da mai kuwa dole su gauraya bisa awo. Kowane kilo 1 na mai yana bukatar iska kilo 14 da ɗigo 7, wato kusan kilo 15. Lita 1 ta mai tana cin iska wajen lita 9000. Idan iska ta yi yawa, inji ya rasa ƙarfi. Idan mai ya yi yawa, ya yi baƙin hayaƙi, ya shanye mana kuɗi.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da muka saba da su suna da karbureta. A cikinta ne iska da mai ke haɗuwa. Mafi yawan motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau ba su da ita. Hanyar iska daban, hanyar mai daban.

Iska tana shiga ta matatar iska, ta bi babban tiyo na roba, ta iso maƙogwaron inji. A cikin maƙogwaron akwai wani faifai na ƙarfe mai juyawa, kanikawa na ce masa papiyon. Idan direba ya taka totur, faifan ya buɗe, iska ta ƙaru. Idan ya ɗaga ƙafa, faifan ya rufe, ya bar ƴar kafa kaɗan.

Hanyar mai kuma ta yi kama da famfon feshi na gona. Akwai tanki, akwai famfo mai turo mai da ƙarfi, akwai matata, akwai tiyo, akwai bakunan feshi waɗanda ake kira injekta. Duk manomin da ya taɓa feshin wake ya san cewa idan ƙarfi ya ragu, ko baki ya toshe, feshi ba ya kyau.

Wa ke yanke yawan man da za a fesa? Kwamfutar mota ce. Ba ta gani da ido. Tana dogara ga wasu ƙananan na'urori masu kai mata rahoto ta waya. Ɗaya tana faɗa mata yadda faifai ya buɗe. Ɗaya tana auna iskar da ta shiga. Ɗaya tana auna zafin inji. Ɗaya tana sansanar hayaƙin salansa.

A nan ne sirrin yake. A yawancin motoci mai ba ya bi ta maƙogwaro ko kaɗan, iska ce kawai. Amma idan rahoton da ke fitowa daga wurin ya zama ƙarya, kwamfuta za ta ba da mai ba daidai ba. Sai mu ga kamar famfo ne ya gaza, alhali lafiyarsa ƙalau.

Akwai wasu motoci na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 waɗanda bakin feshinsu ɗaya ne ko biyu, a bisa maƙogwaron kansa. A cikinsu tiyon mai yana zuwa har wurin. Za mu ambace su a gaba.

KAFIN MU SA HANNU

Rai ya fi mota. Mu kiyaye waɗannan:

1. Kada a sha taba ko a hura wuta kusa. Tururin mai yana kama wuta tun daga nesa.
2. A yi aiki a fili. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar launi, marar wari. A cikin rufaffen ɗaki tana kisa.
3. Mai yana cikin tiyo da ƙarfi ko da inji a kashe yake. A bar inji ya huce, a rufe mahaɗar da tsumma kafin a sassauta, a kare idanu.
4. A ajiye yashi ko abin kashe gobara kusa. Ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi.
5. Kada a zuƙi mai da baki. Idan ya shiga huhu yana kawo ciwo mai tsanani. Wanda ya haɗiyi mai, kada a sa shi amai, a kai shi gidan likita.
6. Idan faifan na lantarki ne, kada a sa yatsa ciki makulli yana kunne. Yana iya rufewa ya datse yatsa.

MATAKI NA 1: WAYOYI

Tambayar farko: matsalar nan, tana nan kafin gyara, ko bayan gyara ta fito? Idan bayan gyara ne, mu buɗe gaban mota mu bi duk abin da aka cire.

Mu duba kowane soket na waya da ke jikin maƙogwaro da jikin babban tiyon iska. Sau da yawa ana tura soket, amma bai shiga har ƙarshe ba. Mu kashe makulli, mu cire shi, mu leƙa ciki. Ƙananan haƙoran ƙarfe su kasance a miƙe, babu tsatsa, babu danshi. Mu mayar har mu ji ya yi ƙas.

Kada mu manta da soket na na'urar auna iska. Tana kusa da matatar iska, kuma ita aka fi mantawa. Idan an cire kan batir lokacin gyara, mu tabbata an ɗaure shi tamau.

MATAKI NA 2: ƁARAUNIYAR ISKA

Wannan ita ce ta fi yawa. Duk iskar da ta shiga inji ba ta ƙofa ba, ɓarauniya ce. A motar da ke auna iska tun daga bakin matata, kwamfuta ba ta san da ita ba, don haka ba ta ba ta rabonta na mai. Sai inji ya yi rawa, ya yi shaƙuwa, ko ya mutu da an tsaya. A wasu motocin kuma sai ya yi ta ƙugi shi kaɗai.

Wuraren da take shiga su ne:

Gasket, wato siririn abin da ake sawa tsakanin maƙogwaro da jikin inji. Tsohon gasket da aka mayar ba ya cika toshewa. Gara a sa sabo, ba shi da tsada. A ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan ta daura da ita, domin ya zauna daidai.

Babban tiyon iska. Zafin ƙasarmu yana busar da roba. Da aka ja shi wajen kwancewa, sai ya tsage a cikin lanƙwasa, galibi ta ƙasa inda ido ba ya gani. Mu cire shi mu lanƙwasa a hasken rana. Mu duba maɗauransa na ƙarfe.

Ƙananan tiyoyi. Suna da yawa, kuma mantuwa da ɗaya ta isa. Akwai mai kauri da ke zuwa tukunyar birki. Idan ya fita ko ya tsage, birki zai yi tauri. Wannan haɗari ne, kada a hau hanya da shi.

Ɓarauniyar iska tana da murya, tana tsaki kamar tayar da ke sacewa. Mu sami guntun tiyo, mu kara baki ɗaya a kunne, mu bi mahaɗai da ɗayan, inji yana aiki. Mu yi nesa da fanka da bel. Wasu suna fesa mai don su gano wurin. Kada mu yi haka, gobara ce ake gayyata.

A jikin maƙogwaron motoci da yawa akwai kuma ƙananan tiyoyi biyu na ruwan inji. Idan ba a ɗaure su da kyau ba, ruwa zai zube, inji ya yi zafi.

MATAKI NA 3: ABIN DA WANKI YA BARI

Idan an fesa maganin wanki da yawa, yana gangarawa cikin inji ya jiƙa buji. Mota za ta yi wuyar tashi, ta yi hayaƙi na ɗan lokaci. A motoci da yawa, idan aka taka totur har ƙasa ana murza makulli, kwamfuta tana tsayar da mai domin inji ya bushe. Kada a murza fiye da daƙiƙa 10 a jere. A huta, a sake.

A motocin da toturinsu na waya ne, akwai wata ƴar ƙofa a gefen maƙogwaro mai ba inji iska sa'ad da ƙafa ba ta kan totur. Ita ke riƙe da ralanti, wanda wasu ke kira silo. Dauɗar da aka wanko tana iya taruwa a cikinta ta maƙale. Alamarta: mota na tafiya lafiya, amma da an ɗaga ƙafa sai ta mutu.

Mu duba wayar totur ma. Ta kasance da ɗan sako-sako. Idan an ja ta da yawa, faifai ba zai rufe ba. Akwai kuma ƙaramin noti da faifan ke tsayawa a kansa. Tun daga masana'anta aka daidaita shi. Juya shi don a ƙara ralanti ɓoye ciwo ne kawai.

MATAKI NA 4: KWAMFUTA TA SAKE KOYO

Daga wajen shekara ta 2000, motoci da yawa ba su da wayar totur. Ƙaramin injin lantarki ne ke juya faifai bisa umarnin kwamfuta.

Shekara da shekaru ƙura da baƙin maiƙo suna taruwa a bakin faifai, kafar iska tana ƙanƙancewa. Kwamfuta tana ƙara buɗe faifan kaɗan-kaɗan domin inji ya rayu, kuma tana riƙe wannan awo a kanta. Ranar da aka wanke dauɗar, ita ba ta sani ba. Sai ta buɗe kamar jiya, iska ta yi yawa, inji ya yi ƙugi. Ba abin da ya lalace, koyo ne take bukata.

Injin da ya yi zafi, ralantinsa yakan tsaya tsakanin juyi 600 da 900 a minti ɗaya. Idan ya wuce haka sosai bayan wanki, kuma babu ɓarauniyar iska, a sake koya wa kwamfuta. Wasu motoci suna koya da kansu: a kashe fitilu da na'urar sanyi, a kunna makulli na ɗan lokaci ba tare da taka totur ba, a tayar, a bar inji ya yi mintoci yana aiki shi kaɗai. Wasu kuwa sai an jona musu na'urar bincike. Kowane kamfani da tasa hanya, don haka a tambayi wanda ya san irin motar.

MATAKI NA 5: YANZU NE ZA MU BI HANYAR MAI

Idan duk na sama lafiya suke, sai mu koma ga mai.

Mu saurari famfo. A wuri marar hayaniya, mu kunna makulli ba tare da tayar da inji ba. A yawancin motoci za mu ji ɗan gurnani daga wajen tanki na kamar daƙiƙa 2. Idan shiru ne, kada mu yi saurin yanke wa famfo hukunci. Mu duba fiyus ɗinsa da rilensa. Kanikawa sukan cire ɗaya daga cikinsu kafin aiki domin ƙarfin mai ya sauka, wani lokaci kuma a manta a mayar. Fiyus da ya ƙone a canza shi da mai lamba irin tasa. Kada a naɗa masa waya, haka motoci ke ƙonewa.

Mu duba tiyoyin mai. Kada a sami wanda ya lanƙwashe ko aka danne. A motocin nan masu bakin feshi bisa maƙogwaro, tiyo biyu ne: mai kawowa da mai mayarwa tanki. Idan aka sauya musu wuri, mota ba za ta tashi ba. Ƙananan zobban roba na bakin feshi ma sukan yanke wajen mayarwa.

Mu duba matatar mai. Idan an canza ta, akwai kibiya a jikinta, ta nuna wajen inji. Matatar da ta toshe tana barin mota ta tashi, amma a hawa ko da kaya sai ta kasa.

Mu duba man kansa. A zuba kaɗan a kwalba mai haske, a ajiye. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa, dauɗa ma haka. Man da ya daɗe a jarka ko a buɗaɗɗiyar kwalba yana ɗaukar ƙura da ruwa. A tace shi kafin a zuba.

A auna ƙarfin mai. Wannan shi ne hukunci na gaskiya, kuma aikin bakanike ne mai agogon awo. A motoci da yawa ƙarfin yana wajen bar 3, ya ɗara iskar tayar ƙaramar mota. Masu bakin feshi bisa maƙogwaro galibi wajen bar 1 ne. Ganin mai yana fita daga tiyo bai isa shaida ba. Famfon da ya gaji yana turo mai, amma ba da ƙarfin da feshi ke bukata ba. Idan allura ta faɗi lokacin da aka ba inji wuta, famfo ne ko matata. Wasu sababbin motoci suna fesa mai kai tsaye cikin inji da ƙarfin da ya wuce bar 100. Waɗannan kada a kwance musu bututu a gida.

A motocin da ke mayar da ragowar mai tanki, akwai na'urar daidaita ƙarfi mai ɗan tiyon iska a kanta. Mu zare tiyon, inji a kashe. Idan akwai mai a ciki, robar cikin na'urar ta fashe. Shi ke kawo baƙin hayaƙi da shan mai.

Mu saurari bakunan feshi. A ɗora bakin dogon sukuddireba a jikin kowanne, a kara ƙotar a kunne. Mai aiki yana ƙas-ƙas-ƙas a jere. Wanda ya yi shiru, a duba soket ɗinsa.

Buji ma shaida ne. Idan an yi ta murzawa, aka cire shi a bushe, mai ba ya isowa. Idan a jiƙe yake yana warin mai, mai yana zuwa, sai a nemi wuta ko a duba ko man ya yi yawa. Baƙi mai toka yana nuna mai ya rinjayi iska. Fari fat yana nuna iska ta rinjayi mai.

MATAKI NA 6: NA'URAR BINCIKE

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur da aka sayar a ƙasashen Tarayyar Turai daga 2001, suna da wani soket mai ramuka 16 kusa da sitiyari. Nan ake jona na'urar bincike. Idan fitila mai siffar inji ta kama a gaban direba, kwamfuta ta ajiye lamba. Alal misali, P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai. P0507 tana nufin ralanti ya yi sama. P0122 tana nufin rahoton buɗewar faifai ya yi ƙasa ƙwarai.

Amma mu lura. Lambar tana nuna unguwa ce, ba ta nuna gida. P0171 tana iya fitowa saboda tsagaggen tiyo, tana iya fitowa saboda gajiyayyen famfo. Sai an duba da ido da agogo.

ABIN DA ZA MU TAMBAYI BAKANIKE

Ba kowa ne zai yi gyara da hannunsa ba, amma kowa na iya tambaya cikin ladabi: Maigida, an sa sabon gasket? An duba ɓarauniyar iska? An sake koya wa kwamfuta? Nawa agogo ya nuna da aka auna mai? Bakanike na kirki ba ya jin haushin tambaya. Idan an canza wani abu, mu karɓi tsohon. A kuma canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, domin a san wanda ya yi magani.

Kafin a kwance wani abu, a ɗauki hotonsa da salula, ko a ɗaura wa kowane tiyo zare mai launi. Rigakafi ya fi magani.

KAFIN A ƊAUKI MUTANE

Bayan gyara, a bar inji ya yi zafi, a duba ko mai na ɗiga, a sansana. A gwada motar babu kaya, a hanyar da ba jama'a. A taka totur a saki, a ga ya koma da kansa. A gwada birki.

Idan wata rana totur ya maƙale ana cikin tafiya, kada a firgita. A fitar da giya, a taka birki da ƙarfi ba tare da sakewa ba, a ratse gefen hanya, sannan a kashe inji. Kada a zare makulli mota na tafiya, sitiyari zai kulle.

Domin matsalar kada ta dawo, mu riƙa duba matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Wadda ta yage a canza ta. Kada mu saba tafiya da tanki kusan fanko, domin man da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Waya, sannan iska, sannan ragowar wanki, sannan koyon kwamfuta, sannan mai. Kada a sayi famfo sai agogo ya ba da shaida. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa direban garinsu da yaran garaji.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gida lafiya.